Kada a Yi wa Tsaunukan Devil's Lake Shinge

A kan takarda, zagayen tafkin Devil's Lake da ke jihar Wiskonsin ta Amurka bai kai a kira shi tafiya ba. Kimanin kilomita 8 ne, abin da lafiyayyen mutum zai shanye cikin awa ɗaya da rabi a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Sai dai wannan hanya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Tafkin yana kwance ne tsakanin tsaunuka biyu, na gabas da na yamma, kowanne ya ɗaga kusan mita 150 sama da ruwa, kuma wanda ya zaɓi cikakken zagaye dole ya hau ɗaya ya sauka, ya ratsa gaɓar kudu, sannan ya hau ɗayan da ƙafafun da suka riga suka fara rawa. A ƙololuwar tsaunukan, hanya kan bi kusa da bakin dutse, a yawancin wurare babu wani ƙarfe ko igiya tsakanin mai tafiya da sarari. Mutane suna faɗowa. Wasu sukan tashi da karaya, wasu kuma sai gawa, kuma duk lokacin da haka ta faru tambaya ɗaya ce ke dawowa: me ya hana hukuma kewaye bakin dutsen da shinge?

Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, domin masu yin ta sau da yawa suna cikin makoki. Amsar da ta fi dacewa ita ce kada a sa shingen, amma fa wannan amsa ba ta wanke gwamnatin jihar ba. Bashin da ake bin ta yana wani wuri dabam, kuma ya fi shinge tsada.

Kafin a kai nan, yana da kyau a san abin da ke sa wannan ɗan zagaye wahala. A 1892 wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotlan, William Naismith, ya tsara wani lissafi da har yau matafiya ke amfani da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Idan aka ɗora zagayen Devil's Lake a kan wannan ma'auni, kilomita 8 da hawan mita 300 za su ba da awa biyu da 'yan mintuna. Amma Naismith ya yi lissafinsa ne da gogaggen matafiyi a zuciya, wanda ba ya tsayawa haki, ba ya jiran yara, ba ya ɗaukar hoto. Ma'aikacin ofis da ya kwashe mako yana zaune gaban kwamfuta zai fi aminta idan ya ware awa uku zuwa huɗu. Wannan tazara tsakanin awa biyu da awa huɗu ita ce asalin masifu da yawa a kowane tsauni na duniya: mutum ya fito da gorar ruwa ɗaya, ya fara hawa da la'asar, rana ta faɗi yana saman dutse.

Sannan akwai shi kansa dutsen. Masana ƙasa suna kiransa kwatsayit, kuma asalinsa rairayi ne da ya kwanta a ruwa sama da shekara biliyan 1.5 da suka wuce, zafi da matsi suka matse ƙwayoyinsa suka haɗe su har ya zama ɗaya daga cikin duwatsu mafiya tauri. A wasu falalen har yanzu ana ganin zanen igiyar ruwa a jikinsa, kamar wanda ake gani a yashin bakin kogi bayan ruwa ya janye. Launinsa tsakanin ja-ja ne da shunayya, kyakkyawa ƙwarai a hasken yamma. Amma taurin nan shi ne sharrinsa. Dutse mai laushi yakan goge ya bar kaushi da tafin takalmi zai kama. Shi kuwa kwatsayit ƙafafun miliyoyin mutane sai ƙara masa sulɓi suke yi. Ɗan yayyafi, ko raɓar safiya, ko ƙurar yashi da takalma suka kwaso, ya isa ya mai da matakala kamar an shafa mata sabulu. Kuma haɗarin ya fi yawa a gangara. A hawa huhu ne ke wahala, sai ya tilasta wa mutum tsayawa. A sauka kuwa tsokar cinya ce ke yin birki a kowane taku, tana gajiya a ɓoye, numfashi yana daidai, mutum yana jin ya gama aiki, sai gwiwa ta ƙi amsa kira.

Hanyar da ake kira Balanced Rock, wadda ke hawa tsaunin gabas daga gaɓar kudu, ba ta kai kilomita ɗaya ba, amma kusan dukkanta matakalar dutse ce da aka jera ta tsakiyar wani makeken tsibin ɓaraguzan duwatsu. Waɗannan ɓaraguzai aikin sanyi ne: ruwa ya shiga tsagar dutse, ya daskare, ya kumbura, ya tsaga shi, shekara dubbai ana haka har gangaren ya cika da duwatsu masu girman ɗaki. Tafkin ma sanyi ne ya haife shi. A da kwarin hanyar wani tsohon kogi ne. A zamanin ƙanƙara na ƙarshe, wani ƙaton shimfiɗin ƙanƙara da ya gangaro daga arewa maso gabas ya kewayo tsaunukan, ya tsaya a bakin kwarin ta fuska biyu, ya jibge tarkacen ƙasa da tsakuwa ya toshe duka mashigan. Ruwa ya taru a tsakani. Shi ya sa tafkin, mai faɗin eka kusan 360 da zurfin da bai wuce mita 15 ba, ba shi da wani kogi da ke fita daga cikinsa.

Sunan wurin ma yana da nasa labari. Mutanen Ho-Chunk, waɗanda ƙasar take tasu kafin yarjejeniyar 1837 ta raba su da filayensu na gabashin kogin Misisipi, suna kiran tafkin da sunan da ke nufin tafki mai tsarki ko tafkin ruhohi. Turawan da suka zo daga baya suka mai da shi Tafkin Shaiɗan. Duk wanda ya san yadda kalmar iska ko aljani kan sha wahala a hannun mai fassara zai gane yadda aka yi. A gaɓar tafkin har yanzu akwai tuddan ƙasa da mutanen da suka gina da siffar dabbobi, ciki har da na tsuntsu mai buɗaɗɗun fukafukai a gaɓar kudu, masu shekara kusan dubu. Masu yawon buɗe ido kan wuce su da kwandon abinci ba tare da sun lura ba.

Masu goyon bayan shinge suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa Devil's Lake ba dajin Allah ba ne. Jirgin ƙasa ya iso gaɓarsa tun farkon shekarun 1870, aka gina otal-otal, aka fasa duwatsun ana sayarwa, kuma layin dogon yana nan har yau a gindin tsaunin gabas. Jihar ta mai da wurin gandun shaƙatawa a 1911, bayan rahoton da mai tsara birane John Nolen ya gabatar a 1909. Matakalun da ake hawa, da yawansu samarin rundunar kare muhalli ta farar hula ce suka gina su a shekarun 1930, wato shirin da Shugaba Roosevelt ya kafa a 1933 don ba marasa aiki abin yi, inda saurayi ke samun dala 30 a wata, a aika 25 ga iyalinsa. Wasu sassan hanyar tsaunin yamma har kwalta aka zuba musu. To, in ji masu wannan ra'ayi, hukumar da ta yi matakala, ta zuba kwalta, ta karɓi kuɗin shiga, ta kuma gayyaci fiye da mutum miliyan 2 a shekara, da wane baki za ta ce ita ba ta taɓa halittar Allah? Wanda ya kai mutum bakin rijiya, shi ya kamata ya yi mata murfi.

Maganar ta yi, amma ta tsallake tambayar da ta fi muhimmanci: a ina mutane ke faɗuwa, kuma me ya kai su? Bakin tsaunukan nan ba layi ɗaya ba ne da za a ja wa ƙarfe a gama. Kilomitoci ne na falale da tsagogi da hasumiyoyin dutse, irin su wanda ake kira Devil's Doorway, da kowannensu ke da hanyoyi goma na isa gare shi. Hanyar da hukuma ta shata, idan aka tsaya a kanta, ba kasafai take kai mutum inda zamewa ɗaya ke nufin mutuwa ba. Abin da ke kai mutum can shi ne taku biyar ɗin da yake ƙarawa don ya leƙa, ko ya zauna ya rataye ƙafafu, ko ya ɗauki hoton da ya gani a Instagram. Mai yin wannan taku biyar, shinge mai tsawon ƙugu ba zai hana shi ba. Zai tsallake ne, kuma da zarar ya tsallake ya tsaya a wurin da ya fi na da ƙunci. Akwai ma abin da ya fi haka muni. Shinge magana yake yi. Idan aka kafa shi a wuri goma, yana gaya wa baƙo cewa sauran wurare ɗari da ba a kafa ba lafiya lau suke. Uwa da ke riƙe da hannun ɗanta gam saboda ta ga babu komai tsakaninsa da sarari, za ta iya sassauta riƙon idan ido ya saba ganin ƙarfe.

Ga kuma masu hawan dutse da igiya, waɗanda Devil's Lake ke cikin manyan wurarensu a duk tsakiyar Amurka. Su daga sama suke ɗaure igiyoyinsu, a daidai bakin da ake son a killace.

Wata shari'a da aka yi a jihar ta fi kowace muhawara nuna inda haƙƙin hukuma yake. 'Yan kilomitoci gabas da tafkin akwai wani ƙuntataccen kwazazzabo mai suna Parfrey's Glen, mallakar jihar. A 1970 wasu 'yan mata suka faɗa cikinsa da dare suka ji munanan raunuka. Hanyar da ke saman kwazazzabon tana wucewa dab da wani wuri da ƙasa ta zaizaye ta bar rami mai zurfi, jami'in da ke kula da wurin ya san da haka, amma bai sa alamar gargaɗi ba, bai kuma kai maganar ga na gaba da shi ba. A 1977 Kotun Ƙoli ta Wiskonsin ta yanke cewa kariyar da ma'aikacin gwamnati ke da ita daga ƙara ba ta rufe shi ba, domin haɗarin sananne ne a wurinsa, ɓoyayye ne ga baƙo. Abin lura shi ne kotun ba ta ɗora laifi a kan zurfin kwazazzabon ba. Laifin na shiru ne. Daga baya, a tsakiyar shekarun 1980, majalisar jihar ta yi dokar da ta faɗaɗa kariyar masu filaye, har da gwamnati, daga ƙarar masu shiga don shaƙatawa, abin da ya rage tsoron kotu. Amma raguwar tsoron kotu ba ta goge bambancin da waccan shari'a ta fito da shi ba: akwai haɗarin da kowane mai ido yake gani ya zaɓi kusantarsa, akwai kuma wanda hukuma kaɗai ta sani. Tsayin tsauni na farko ne. Sulɓin kwatsayit bayan yayyafi, da matakalar da ta fara girgiɗi, da ƙanƙarar da ke kwana a inuwa har cikin watan Maris, da gaskiyar cewa kilomita 8 na iya cin awa huɗu, duk na biyu ne.

Nan ne ya kamata a matsa wa jihar, kuma nan ne batun kuɗi ke shigowa. A Amurka gandun daji na ƙasa, irin su Yellowstone, gwamnatin tarayya ce ke riƙe da su, gandun jiha kuwa ya dogara ga kasafin jiharsa, kamar dai yadda Yankari ya koma hannun gwamnatin Bauchi a 2006 bayan shekaru yana ƙarƙashin tarayya. A kasafin 2015, zamanin Gwamna Scott Walker, Wiskonsin ta janye kuɗin harajin da take ba gandayenta don gudanarwa, ta ce su ciyar da kansu daga kuɗin shiga da na kwanan tanti. Aka ƙara farashi, kuma daga baya aka sa kuɗin shigar Devil's Lake ya fi na yawancin sauran, tunda shi ya fi kowa baƙi. Ga mai lissafi wannan tsari yana da kyau: mai amfani shi ke biya. Amma yana da wani lahani da ba ya fitowa a takardar kasafi. Gandun da cikinsa ya dogara ga yawan motocin da suka shigo ba zai taɓa son ya ce wa kowa yau ka koma gida ba. Kuma wurin da ya fi kowa kawo kuɗi shi ne aka fi buƙatar ya ci gaba da cika, ko da matakalarsa ta kai ga mutane suna bin layi, masu hawa suna goga kafaɗa da masu sauka a kan dutse mai santsi.

Cunkoso a kan matakalar da ba ta wuce faɗin mutum ɗaya ba haɗari ne da shinge ba ya magancewa. Wasu wurare sun gane haka. A Yosemite an fara neman izini kafin hawa igiyoyin Half Dome a 2010, a Zion kuma an sa irin wannan ƙa'ida ga Angels Landing a 2022. Duka biyun hanyoyi ne da aka riga aka sa musu igiya ko sarƙar riƙewa, amma hukuma ta ga cewa yawan jama'a ne ya zama matsalar. Devil's Lake bai kai su tsanani ba, kuma ba lallai ne ya buƙaci ƙuri'ar izini ba. Abubuwa masu sauƙi za su iya isa: a mai da hanyar Balanced Rock ta hawa kawai a ranakun Asabar da Lahadi na lokacin zafi da na kaka, a tsayar da ma'aikaci a gindinta mai ikon cewa takalmin nan ba zai yi ba, a rufe ta idan ƙanƙara ta kama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan albashi yake ci duk shekara, kuma ɗan siyasa ba ya samun abin yanke ƙyalle a kansa. Shinge kuwa sau ɗaya ake biya, a ɗauki hoto, a ce an yi wani abu. Kuma idan mutum ya faɗi, ma'aikatan kashe gobara na garin Barabu ne ke zuwa da igiyoyi su yi awanni suna sauko da shi a kan makara ta cikin ɓaraguzan duwatsu, kuɗin da ba ya fitowa daga akwatin ƙofar gandun.

Akwai wata hujja da ta fi ta shinge nauyi, ita ce ta adalci. Dukiyar jama'a ce, in ji masu ita, don me za a bar mafi kyawun ɓangarenta ga masu ƙarfin gwiwa kaɗai? Tsoho fa, da mai keken guragu, da mai ciwon zuciya? Wannan tambaya ce ta gaske, kuma wani ɓangare na amsarta yana nan a ƙasa. A gindin tsaunin yamma akwai hanyar Tumbled Rocks, kusan a kwance take, tana bin bakin ruwa ta tsakiyar manyan duwatsu na tsawon kilomita ɗaya da rabi ko fiye. A gindin fuskar kudu ta tsaunin gabas kuma akwai wata mai inuwa, inda sanyin iska ke fitowa daga ƙarƙashin ɓaraguzan ko a tsakiyar zafi. Kuɗin da za a zuba a ƙarfe a sama, a nan ya kamata ya tafi: a gyara shimfiɗar, a faɗaɗa inda ta ƙuntata, a sa wuraren zama. Gandu ɗaya zai iya ɗaukar hanya mai sauƙi da mai wuya. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a sauƙaƙa mai wuyar ta kuma ci gaba da zama ita.

Kuma wahalar tana da daraja a kanta. Yawancin masu zuwa wurin daga Madison suke, tafiyar awa ɗaya a mota (garin da jami'arsa ta daɗe tana koyar da Hausa, inda marigayi Neil Skinner ya yi shekaru yana aiki), ko daga Milwoki da Shikago. Mutane ne da rayuwarsu ta yau da kullum aka riga aka cire mata duk wani kaifi: lif, na'urar sanyaya ɗaki, gargaɗi a jikin kofin shayi cewa yana da zafi. Ga da yawansu, musamman yara, wannan tsauni ne wuri na farko da za su gane da jikinsu cewa inda suka sa ƙafa yana da sakamako, kuma babu wanda ya riga ya yi musu tunanin. Wanda ya kai saman tsaunin gabas da rigarsa sharkaf, ya ga ungulaye suna shawagi a ƙasa da shi, ya ga kwale-kwale a ruwa kamar ƙwayar gero, ya sami wani abu da hoton wurin ba ya bayarwa. Ta bayan ragar ƙarfe, abin da zai rage masa bai fi hoton da yawa ba.

Sai dai duk wannan hujja tana tsayawa ne idan an gaya wa mutum gaskiya tun yana ƙasa. Kalmomi irin su "mai sauƙi" da "matsakaici" da manhajojin waya ke liƙa wa hanyoyi ba su da ma'ana ɗaya ga ɗan shekara 25 da ɗan shekara 60, kuma hotunan da ke yawo a intanet kallon kitse suke sa a yi wa rogo, domin babu mai ɗaukar hoton kansa yana haki a matakala ta ɗari biyu. Allon da ke gindin kowace hanya ya kamata ya yi magana da adadi: mita nawa za a hau, awa nawa talakan matafiyi ke yi, ƙarfe nawa rana za ta faɗi a yau, babu famfon ruwa a sama, dutsen yana da santsi ko da ya yi kamar ya bushe, kuma mutane sun mutu a nan. Jimlar ƙarshen nan ita ce hukumomin yawon buɗe ido suka fi ƙin rubutawa, domin ba ta sayar da tikiti. Ya kamata a rubuta ta da Ingilishi da Sifaniyanci da Hmong, harsunan da ake ji a wuraren ajiye motocin jihar, a kuma kafa ta inda ba za a iya fara hawa ba tare da an wuce ta gabanta ba.